Maƙerin Wurno da Garma Mai Juyawa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Achida ta nufi Goronyo a cikin watan Nuwamba, zai tarar da mutanen fadamar gulbin Rima cikin gaggawa. An yanke shinkafar damina, ruwa ya ja baya, ƙasa ta soma tsagewa, hunturu kuma ya kunno kai. Makonni kaɗan ne ke tsakanin wannan lokaci da ranar da ya wajaba a ce alkama da tafarnuwa sun shiga ƙasa. Alkama shuka ce mai son sanyi. Idan aka makara har tsakiyar Disamba ta wuce, to fitar kanta da cikar ƙwayarta za su yi karo da zafin bazara, sai manomi ya girbe kara mai yawa da tsaba kaɗan. Saboda haka a wannan yanki, gyaran ƙasa tsere ne da lokaci, kuma duk abin da zai rage wa manomi kwanakin kaftu yana da daraja a idonsa.

Yankin kuwa tsohon gidan noma ne. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a cikinsa, a nan ya rasu a shekarar 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Rabah, mahaifar Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, tana bakin gulbin Sakkwato. Goronyo kuma ita ke da babbar madatsar ruwa a kan gulbin Rima, wadda aka kammala a shekarar 1984, mai iya riƙe ruwa kimanin mita mai siffar sukari miliyan 942. Daga wannan madatsa, da kuma rijiyoyin burtsatse da shirin Fadama ya yawaita tun daga farkon shekarun 1990, ake shayar da shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwar da sunan waɗannan garuruwa ya tafi da su kasuwannin nesa.

A garin Wurno akwai wani dattijo maƙeri wanda ya gaji sana'ar iyaye da kakanni. Shekara fiye da arba'in ya yi yana zaune gaban uwar maƙera, yana fitar da galma da kalme da lauje da gatari. Manoma sun san shi da wata ɗabi'a: ba ya ƙera wa mutum galma sai ya tambaye shi inda gonarsa take. Idan ta tudu ce mai jigawa, sai ya yi mata ruwa mai faɗi marar nauyi. Idan ta fadama ce mai laka, sai ya rage faɗin, ya ƙara kauri, ya kuma sauya yadda ruwan zai zauna a jikin ƙota. Bai taɓa riƙe alƙalami ya zana wannan ilimi ba. A ido yake, da tafin hannu, da kunnen da ke jin amon ƙarfe a ƙarƙashin masaba.

Yana da ɗa wanda ya yi makarantar koyon sana'a, ya fi sha'awar inji a kan zuga-zugi. Shekaru kaɗan bayan ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta cinye gonaki da gidaje a kwarin Rima, ƙungiyar manoman unguwarsu ta haɗa kuɗi, ta cika da bashi, ta sayi ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu, irin wadda mutum ke bin ta a baya yana riƙe da hannuwanta. Manoma suna kiranta fawatila. Aka damƙa ta ga ɗan maƙerin, bisa sharaɗin ya riƙa gyara gonakin 'yan ƙungiya bi da bi, abin da aka tara kuma a biya bashi da shi. A makon farko mutane har barin aiki suke yi su zo kallo, domin abin da majiya ƙarfi goma za su wuni suna yi, ita kafin azahar ta gama.

Yadda injin yake aiki

Kafin a ci gaba da labari, ya kamata a fahimci abin da ya raba wannan inji da garmar shanu. Garmar shanu ja ake yi, ta tsaga ƙasa ta kifa ta gefe guda. Ƙarfinta duka yana ga mai ja, don haka idan ƙasa ta yi tauri ko santsi, sai shanu su gaza ko tayar tarakta ta riƙa zamewa. Ita kuwa garma mai juyawa, sandar ƙarfe ce a kwance a gicciye, an jera mata haƙora kewaye da ita. Inji ne ke juya sandar ta hanyar bel da sarƙa ko giya, sau ɗari biyu zuwa ɗari uku a minti guda. Kowane haƙori yana saukowa ya sari ƙasa, ya ɗebi yanki, ya jefa shi baya ya bugi murfin ƙarfe da ke rufe da haƙoran, ya farfashe. Ashe ke nan ita ba 'yar garmar shanu ba ce. Ta fi kusa da fartanya, sai dai fartanyu ne masu yawa a hannun mai sara guda wanda ba ya gajiya. Zurfin da take kaiwa bai cika wuce santimita 10 zuwa 15 ba. Da yake haƙoran suna juyawa ne ta fuskar da tayoyi ke juyawa, saran da suke yi yana tura injin gaba, shi ya sa ƙaramin inji ke iya aikin da a da sai babbar tarakta.

Dabarar ba ta yau ba ce. A shekarar 1910 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Konrad von Meyenburg, ya yi rajistar injin da ke kaftu da ƙugiyoyin ƙarfe masu lanƙwasa su dawo. A 1912 kuma wani saurayi ɗan manomi a Ostareliya, Arthur Clifford Howard, ya fara gwaji a gonar mahaifinsa a Gilgandra. Haƙoransa na farko watsar da ƙasa gefe suke yi, sai da ya yi ta sauya su har ya dace da haƙori mai siffar harafin L. Ya kafa kamfani a 1922, a 1938 kuma aka kafa wani a Ingila don ƙera irin injinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manoman Japan suka rungumi ƙaramin samfurinsa don fadamun shinkafarsu, suka lanƙwasa haƙoran yadda zai dace da taɓo, daga nan ya bazu a Sin da Indiya da sauran ƙasashen Asiya, inda mafi yawan waɗanda ake gani a Nijeriya suke fitowa. Abin lura a wannan tarihi shi ne, duk ƙasar da injin ya sauka, sai an sake wa haƙoransa siffa kafin ya zauna.

Ranar da haƙora suka ƙare

A shekara ta biyu, daidai lokacin da ake rububin shirya gonakin alkama, aiki ya tsaya. Gonakin ƙungiyar iri biyu ne. Wasu laka ce tsantsa, baƙa, mai danƙo idan ta jiƙa, mai taurin dutse idan ta bushe. Wasu kuma ambaliya ta shimfiɗa musu rairayi a bisa. A cikin rairayin haƙoran suka side kamar an goga su a magagari, har suka koma siraran tsinkaye. A cikin lakar kuwa, taɓo da tushiyar shinkafa suka riƙa cushewa a gwiwar kowane haƙori, sandar ta koma dunƙulen laka mai juyawa a banza. Da aka shiga wata gona da ta bushe ƙwarai, haƙora biyar suka karye, mariƙansu uku suka ɓalle daga jikin sanda. Mai walda ya mayar da mariƙan, amma haƙora sai an aika Kano, mai kayan kuma ya ce a ba shi mako uku. Gonaki goma sha ɗaya na jira, ga bashi, ga sanyi yana wucewa.

Da yamma saurayin ya shiga maƙerar mahaifinsa da karyayyen haƙori a hannu. Ya gaishe shi, ya tsuguna, ya ce, "Baba, haƙoran injin ga sun ƙare, ga lokaci na tahiya. Amma na san wanga aikin kamfani na, ba aikin maƙera na ba."

Tsohon bai ɗaga kai daga wuta ba, ya ce, "To mi yak kawo ka? Miƙo in gani."

Ya daɗe yana juya ƙarfen. Ya ƙwanƙwasa shi a kan uwar maƙera ya saurara, ya duba bakin karayar, ya shafa gwiwar da yatsa. Sa'an nan ya ce, "Wanda yaƙ ƙera wanga ƙarhe ya san aiki. Lakar Wurno ta dai bai sani ba."

Washegari ya sa aka samo masa tsohon sifirin na babbar mota, wanda dama da shi maƙera ke yin gatari da adda saboda ƙarfe ne mai karɓar wuta ya yi tauri. Ya yanka, ya buga, ya lanƙwasa, ya huda ramin noti, ya fitar da haƙora shida tamkar na kamfani. Ya gasa su suka yi ja, ya tsoma su cikin ruwa gaba ɗaya. Ba su yi awa guda a gona ba huɗu suka tsinke, dukansu a daidai ramin noti. Manoma suka fara gunaguni, wasu na cewa dama ina maƙerin galma ina inji.

Tsohon bai yi musu ba. Ya karɓi guntayen ya duba, ya gane kuskurensa. Fartanya sau ashirin ko talatin take saran ƙasa a minti, a hannun mutum mai sassautawa idan ya ji tauri. Haƙorin inji kuwa sau ɗaruruwa yake sara, kuma inji ba ya jin tausayin ƙarfe. Ƙarfen da ya yi tauri tun daga baki har gindi ba ya lanƙwasa ko kaɗan, don haka da ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa sai ya karye a inda ya fi rauni. A karo na biyu sai ya shayar da bakin kaɗai, a cikin baƙin mai maimakon ruwa don kada sanyin ya zo masa farat ɗaya, ya bar zafin gindin ya gangaro a hankali ya sassauta taurin. Baki ya yi tauri don ya jure rairayi, gindi ya yi laushi don ya jure duka. Wannan ita ce ƙa'idar da manyan masana'antu ke bi da ma'aunin zafi. Shi da launin ƙarfe ya auna.

Bai tsaya nan ba. Tun da ya ji cewa laka a gwiwa take cushewa, sai ya buɗe gwiwar, ya mayar da lanƙwasar ta zama mai sulɓi kamar ta lauje, yadda taɓo da ciyawa za su zame su fice. Masana aikin injiniya sun san wannan bambanci. Haƙori mai siffar L ya fi iya datse kara da ciyawa a busasshiyar ƙasa, amma yana cin ƙarfin inji, yana kuma saurin cushewa. Mai siffar C ya fi dacewa da ƙasa mai nauyi da damshi. Akwai kuma miƙaƙƙe mai tsini, na fasa ƙasa mai tsauri. Haka nan haƙora dama da hagu ne: rabi bakinsu ya karkata dama, rabi hagu, don kada ƙasa ta taru gefe guda, kada kuma injin ya riƙa fizgar mai riƙe da shi.

Darasin lugude

Da aka ɗaura sababbin haƙora sai wata matsalar ta bayyana. Injin ya riƙa tsalle yana girgiza, har kafaɗun saurayin suka yi tsami, bel kuma ya riƙa kuka. A ranar ne tsohon ya bar maƙera ya taka har gona, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya sa aka kashe inji aka ɗaga bayansa, ya juya sandar da hannu a hankali yana kallo. Sai ya ga mariƙan nan uku da mai walda ya mayar, an jera su a layi ɗaya da na kusa da su, ta yadda haƙora da yawa ke dukan ƙasa a lokaci guda, sa'an nan a sami tazara babu mai duka.

Ya dubi ɗansa ya ce, "Kai yaro, ka taɓa ganin mata ukku sun saki taɓare cikin turmi guda lokaci guda?"

Duk wanda ya ga lugude ya san amsar. Taɓarya ɗaya na sauka, ɗaya na tashi, ɗaya na sama, shi ya sa turmi ba ya kifewa, amon kuma yake daɗin ji. Haka masu ƙera injin suka tsara tun asali: haƙoran suna bin juna ne a karkace kewaye da sanda, kamar murɗin igiya, don a kowane lokaci haƙori ɗaya ko biyu ne ke shiga ƙasa. Da haka nauyin da ke kan inji yake daidaita, sarƙa da giya su daɗe, mai ma ya ragu. Aka koma wurin mai walda, aka ɓalle mariƙan aka mayar da su bisa murɗin da sauran suka nuna. Tsalle ya ƙare.

Kwana biyu bayan haka tsohon ya sa aka kwance masa haƙori ɗaya. Ya ga bakin yana ƙyalli, wanda haka ake so, amma ya ga bayan ma yana ƙyalli. Ya san wannan alama daga galma: idan bayan ruwa yana ƙyalli, to zamansa a ƙota bai yi daidai ba, yana gogar ƙasar da ba a sara ba, mai noma kuwa yana wahalar banza. A inji ma haka ne. Haƙori yana juyawa ne alhali injin yana tafiya gaba, don haka dole a bar 'yar tazara tsakanin bayansa da ƙasar da ke gabansa. Idan babu ita, sai bayan ya riƙa dannar ƙasa yana shafe ta kamar mai yaɓe, mai yana ƙonewa, ƙasa tana daskarewa. Ya mayar da haƙoran wuta, ya ɗan karkata bakin kowanne. Saurayin ya ce daga ranar ya ji muryar injin ta sauka. Gonaki tara daga cikin goma sha ɗaya suka sami shuka a kan kari. Biyu sun makara, masu su kuma sun ji a jikinsu ranar girbi.

Loma da garin tuwo

Akwai darasi guda da ba daga maƙera ya fito ba. Manoma da yawa sun fi son a bar musu gona lukui, har sukan roƙi a maimaita sau biyu ko uku. Wani tsohon manomin tafarnuwa ne ya ƙi. Ya tsaya a bakin gonarsa ya damƙi ƙasar, ta zube ta tsakanin yatsunsa, ya ce wa saurayin, "Ɗana, gona munka ce ka gyara muna, ba garin tuwo ba."

Gaskiyarsa ta fito bayan ban-ruwa na farko. Inda aka niƙe laka ta zama gari, ruwa ya narkar da ita, rana ta busar, ta yi ɓawo mai tauri wanda tsiro ke wahalar hudawa. Ƙasa mai lafiya tana bukatar ƙananan hoge, domin a tsakaninsu iska da ruwa da saiwa ke bi. Bugu da ƙari, idan aka shekara da shekaru ana sara a zurfi ɗaya, musamman da damshi, sai wani daɓe ya kafu a ƙarƙashi daidai inda haƙora ke tsayawa. Ga shinkafar da ake so ruwa ya kwanta mata, wannan daɓe yana da amfani. Ga albasa da tafarnuwa da alkama kuwa cuta ne, domin ruwa na kwanciya a gindinsu, saiwa kuma ba ta nutsawa. Haka kuma ciyayi masu yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, irin su kiri-kiri da jiji, idan aka daddatsa su a ƙasa mai damshi, kowane guntu sai ya zama sabuwar shuka.

Maganin yana cikin tsarin injin kansa. Yankin ƙasar da kowane haƙori ke ɗiba a sara ɗaya, wanda maƙerin ya raɗa wa suna loma, shi ke nuna laushin da za a samu, kuma ana iya lissafa shi. A ɗauka inji yana tafiyar kilomita 3 a awa, wato mita 50 ko santimita 5,000 a minti. A ɗauka sanda tana juyawa sau 250 a minti, kuma haƙora biyu ne ke bin layi ɗaya. Sara 500 ke nan a minti. Idan aka raba 5,000 gida 500, kowace loma santimita 10 ce. Idan aka rage tafiyar zuwa rabi aka bar juyin yadda yake, loma ta koma santimita 5, ƙasa ta ƙara laushi, mai da lokacin da za a kashe a kan kadada guda kuma suka ƙaru. Murfin baya shi ma yana da nasa aiki: a sauke shi ƙasa ta daku, a ɗaga shi hoge ya fita da girmansa. Daga nan saurayin ya koyi yin tambayar da mahaifinsa ke yi kafin ya ƙera galma. Kafin ya tayar da inji sai ya ji abin da za a shuka, ya damƙi ƙasa ya ji damshinta. Fangalin irin albasa ya ba shi ƙaramar loma, gonar alkama matsakaiciya, ƙasar da ta jiƙe ainun kuma ya ce a bari ta sha iska.

Ba a ce injin bai zo da nasa nauyi ba. 'Yan ƙwadagon da ke samun abin cefane daga kaftun rani sun ga aikinsu ya ragu. Kuɗin mai ya daɗa nauyi a kan manoma, musamman bayan cire tallafin fetur a shekarar 2023, wanda ya ɗaga farashin sufuri da ban-ruwa. Ga kuma haɗari: haƙoran da ke fasa laka ba su san ƙafa ba, don haka ba a kusantarsu da babbar riga, ba a sa hannu a cire ciyawa sai an kashe inji. Duk da haka, a shekarun da rashin tsaro ya addabi gabashin Sakkwato, tun daga 2018, manoma da yawa sun ga amfanin abin da zai sa su gama aiki da wuri su koma gida da sauran rana.

Sunayen da aka raɗa a maƙera

Mai nazarin harshe zai lura da wani abu a cikin wannan labari. Takardar bayanin da ta zo da injin ba da Hausa take ba, kuma babu wanda ya karanta ta a cikin 'yan ƙungiyar. Amma kafin shekara ta zagayo, kowane sashe na injin ya sami suna. Wasu aro ne aka yi musu kwaskwarima suka bi tsarin sautin Hausa, kamar giya da bel da noti da fawatila. Wasu kuma faɗaɗa ma'ana ce: haƙori, gwiwa, murfi, loma, lauje, lugude. Waɗannan na biyu sun fi na farko aiki, domin kowannensu yana ɗauke da bayani. Wanda aka ce wa ya rage loma ya fahimci abin da ake nufi ko bai taɓa shiga aji ba. Wanda aka ce wa haƙora su yi lugude ba zai sake jera su a layi ɗaya ba. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen kayan noma da na ƙira, shaidar cewa harshen ya daɗe yana rarrabe ƙarfe da ƙarfe, da ƙasa da ƙasa. Malamin da zai koyar da Hausa a Wurno ko Rabah ko Goronyo, 'ya'yan waɗannan manoma da maƙera zai tarar a gabansa, kuma kalmomin da zai bukata don ya buɗe musu ƙofar kimiyya da yawansu suna nan a bakin iyayensu, ba a dai rubuta su ba.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Injin nan kayan aro ne ranar da aka sauke shi daga mota, kuma da an tsaya jiran haƙora daga nesa duk lokacin da suka ƙare, da tuni yana jingine a bayan wani zaure ya yi tsatsa, kamar taraktoci da yawa da aka sha kawowa ƙasar Hausa. Abin da ya tsirar da shi shi ne an sami wanda ya san ƙarfe, da wanda ya san inji, da wanda ya san ƙasa, suka saurari juna. Ƙungiyar ta biya bashinta a shekara ta huɗu. Tsohon maƙerin ƙarfinsa ya ja baya, jikansa ke riƙe masaba, shi kuwa yana zaune gefe a kan buzu. A bangon maƙerar an rataye samfurin haƙora iri uku, kuma duk mai injin da ya zo daga Achida ko Gandi ko ƙauyukan Goronyo neman haƙora, kafin a hura wuta sai tsohon ya tambaye shi inda gonar take.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin garmar shanu da garma mai juyawa kamar yadda ya zo a cikin wannan zube.

2. Me ya sa haƙoran da maƙerin ya fara ƙerawa suka karye, kuma ta yaya ya gyara kuskurensa?

3. Idan inji yana tafiyar mita 40 a minti, sanda tana juyawa sau 200, haƙora biyu kuma suna bin layi ɗaya, santimita nawa ce loma?

4. Fitar da maganganun da aka yi da karin harshen Sakkwatanci, ka mayar da su daidaitacciyar Hausa.

5. Ziyarci wani maƙeri ko makanike a garinku, ka tattaro sunaye goma na kayan aikinsa, ka rarrabe na aro da waɗanda aka faɗaɗa ma'anarsu.